Yadda Ake Sauya Allon Mitocin Mota da Na Wani Samfurin Daban

Allon mitoci shi ne akwatin nan da ke bayan sitiyari, wanda ya tattara mitar gudu, da mitar juyawar inji, da ta mai, da ta zafin ruwa, da fitilun gargaɗi, da kuma lissafin nisan da mota ta ci tun fitowarta daga kamfani. Dalilan da ke sa a nemi sauya shi da na wata mota suna da yawa. Wani nasa ne ya ƙone kuma irinsa sak ya yi wuyar samu, wani motarsa ce ta zo babu mitar juyawar inji, wani kuwa motar da mil take lissafi alhali shi da kilomita ya saba. Cire tsohon allo da ɗaura sabo ba ya wuce kwance sukuru kaɗan da zare soket biyu ko uku. Abin da ke cin lokaci shi ne tabbatar da cewa sabon allon zai gane saƙon da motar ke aiko masa, domin kama da wane ba ta wane: alluna biyu kan zo da girma ɗaya, soket ɗinsu launi ɗaya, su kuma shige daidai, amma ƙafar soket (ɗan ƙarfen da waya ke haɗuwa da shi) da ke karɓar wuta a wannan ta zama ƙafar at, wato mai mayar da wuta jikin ƙarfen mota, a wancan. Saboda haka mafi yawan aikin a kan takarda ake gama shi, tun kafin a ɗauki sukundireba.

Fara sanin zamanin motarka

A tsofaffin motoci, har zuwa wajen farkon shekarun 1990, wata igiyar ƙarfe mai juyawa ce ke tasowa daga giyabos ta shiga bayan mitar gudu, ita ke motsa allurar. Bayansu sai motocin da aka sa wa sensa a jikin giyabos, mai aiko da bugun wuta ta waya guda, kuma a irin waɗannan kowace mita da kowace fitila tana da wayarta ta kanta. Kashi na uku su ne motocin da kwamfutocinsu ke magana da juna ta wayoyi biyu murɗaɗɗu da ake kira CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya gabatar a 1986, wanda daga 2008 ya zama wajibi a soket ɗin bincike (inda ake jona na'urar gano matsalar mota) na duk motar da za a sayar a Amurka. A wannan kashi, gudu da zafi da juyawar inji duk a matsayin lambobi suke isowa, ta waɗannan wayoyi biyu kaɗai.

Sauya allo tsakanin motoci biyu na zamani ɗaya abu ne mai yiwuwa. Tsallakawa daga wani zamani zuwa wani kuwa yana buƙatar ƙarin na'ura a tsakani: allo mai jiran sensa ba zai motsa da igiya ba sai an ɗaura sensa a bakin inda igiyar take, allon CAN kuma ba zai nuna komai ba a motar da ba ta da CAN sai da akwatin da ke fassara masa saƙo.

Akwai tambaya guda da ya kamata a amsa kafin a sayi komai, wato ko na'urar hana sata ta motar tana cikin allon. A motocin Volkswagen irin su Golf 4 da Passat B5 na bayan shekarar 2000, da wasu na Ford kamar Focus ta biyu, allon ne ke tantance makulli. In ka ɗaura wani allon ba tare da an haɗa shi da makullanka da kwamfutar inji ba, motar za ta tashi ta mutu cikin daƙiƙa biyu, ko ma ta ƙi tashi sam. Sababbin motocin Audi da Volkswagen sun ƙara da wani kulle wanda ba ya buɗuwa sai an haɗa motar da kwamfutar kamfani ta intanet. Shawarata ga mai irin wannan mota ita ce ya fara samun wanda zai yi masa wannan saitin, ya kuma tabbatar na'urarsa tana iya aiki a kan allon da aka riga aka yi amfani da shi, sannan ya nemi allo.

Zaɓen allon da za a ɗaura

Mafi sauƙi shi ne allon mota ta kamfani ɗaya, zubi ɗaya, amma mai daraja ta sama. Misali sananne shi ne Honda Civic ta 1996 zuwa 2000, inda ƙananan samfuran suka zo babu mitar juyawar inji, manyan kuma suka zo da ita, kuma soket ɗinsu iri ɗaya ne. Gwargwadon nisan da ka yi daga wannan, gwargwadon yawan wayoyin da za ka sauya wa wuri.

Ka kwafe lambar kaya da ke manne a bayan tsohon allon ko a samansa, ka kwatanta da ta sabon. Ka kula da irin inji, domin allon dizal yana da fitilar dumama inji kuma jan layin da ke kan mitar juyawar injinsa yana farawa da wuri, tunda injin dizal ba ya juyawa da saurin na fetur. Ka kula da giya: allon mota mai giyar hannu ba shi da wurin nuna P, R, N da D. Sannan ka ɗaga allon ka haska shi da tocila ta baya, ka ƙirga alamomin gargaɗin da aka zana a fuskarsa. Duk wata fitila da motarka ke da ita, musamman ta jakar iska, da ta birkin ABS, da ta matsin man inji, da ta caji, dole sabon allon ya kasance da gurbinta.

In daga jikin wata mota za a ciro allon, ka roƙi a yanko maka soket ɗinsa tare da wayoyi masu tsawon taƙi guda ko fiye. Wannan guntun wayar zai rage maka wahala fiye da duk wani kayan aiki da za ka saya.

Aikin takarda

Ka nemo taswirar wayoyi ta motocin biyu, ta shekarar da ta dace, domin kamfanoni kan sauya jerin ƙafafu a tsakiyar zubi ɗaya. Ka ja layi uku a takarda: aikin waya, lambar ƙafarta a motarka, da lambar ƙafarta a sabon allon. Kada ka dogara da launin waya, ko da kamfanin ɗaya ne. Haka kuma ka duba ta wace fuska aka zana soket ɗin a taswirar, ta ɓangaren da wayoyi ke shiga ko ta bakinsa, saboda wanda ya karanta ta baibai zai ɗauki ƙafa ta 1 a matsayin ta ƙarshe, kuma allo da yawa sun ƙone ta wannan hanya.

Ka fara da wayoyin wuta. Yawanci akwai wadda ke da bolt 12 kullum don riƙe agogo da ƙwaƙwalwar allon, da wadda ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, da ta hasken dare, sai kuma at ɗaya ko biyu. Waɗannan su ne waɗanda kuskure a kansu ke jawo ƙuna. Sauran wayoyin in an yi kuskure, galibi ƙarya kawai mitar za ta yi.

Mitar gudu tana ƙirga bugu ne a kowace kilomita, kuma adadin ya bambanta. Motocin Japan da yawa an gina su a kan juyi 637 a kilomita ɗaya, da bugu huɗu a kowane juyi, wato bugu 2,548. Tsofaffin motocin General Motors suna amfani da bugu 4,000 a mil ɗaya, na Ford da yawa kuma 8,000. In ka ɗauki allon da ke jiran bugu 8,000 a mil, wanda ya kusan 4,970 a kilomita, ka ba shi 2,548, to kana gudun kilomita 100 a awa allurar tana nuna 51. Maganin wannan shi ne ƙaramin akwatin gyaran bugu da ake sawa tsakanin sensa da allo, wanda ke ninka bugun ko ya rage shi. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, a motocin Toyota da dama na shekarun 1990, saƙon gudu allon yake fara shiga, sannan allon ya miƙa shi ga kwamfutar inji. In sabon allon ba shi da wannan ƙafa ta fitarwa, fitilar inji za ta kama da lambar matsala P0500, giya mai sarrafa kanta kuma tana iya rikicewa wajen canji.

Mitar juyawar inji kuwa da yawan silinda take lissafi. Inji mai silinda huɗu yana ba da tartsatsi biyu a kowane juyi, mai shida uku, mai takwas huɗu. Mitar injin silinda shida in aka haɗa ta da mai huɗu, za ta nuna 2,000 alhali injin yana juyi 3,000 a minti. In aka yi akasin haka, za ta nuna 3,000 a madadin 2,000. Dizal ba shi da tartsatsi, don haka mitarsa daga altaneta take samun saƙo ko daga sensar inji, kuma ba ta jituwa da ta fetur kai tsaye.

Mitar mai ta fi kowace yaudara, domin za ta motsa, mutum ya ɗauka komai lafiya. A cikin tanki akwai fulot mai hawa da sauka, wanda ke sauya turjiyar wuta, ana auna ta da om. A tsofaffin motocin General Motors, om 0 na nufin tanki ya ƙare, om 90 na nufin ya cika. A tsofaffin Ford kusan om 73 ne a fanko, 10 a cike. A Toyota da yawa wajen 110 ne a fanko, wajen 3 a cike, tsarin VDO, kamfanin ƙera mitoci na Turai, kuma 10 a fanko, 180 a cike. Ka lura cewa wasu lambar hawa take yi in mai ya ƙaru, wasu kuma sauka, don haka haɗin da bai dace ba kan sa allurar ta riƙa tafiya da baya, ta nuna cike lokacin da mai ya kusa ƙarewa. Ka auna fulot ɗin motarka da maltimita, wato na'urar awon wuta, ka kwatanta da abin da littafin gyaran ɗaya motar ya faɗa. In sun saɓa, ko ka ɗaura fulot ɗin waccan motar in zai zauna a tankinka, ko ka sa akwatin daidaita turjiya. Haka batun yake ga mitar zafi, sai dai ita gyaranta ya fi sauƙi: a motocin da sensar allo ke da waya ɗaya, daban da ta kwamfutar inji, sai a ɗaura sensar motar da aka ciro allon, muddin zaren sukurunta ya yi daidai da ramin.

Fitilar caji tana da wani aiki na biyu a tsofaffin motoci. Ta cikin ƙwan fitilar ne ɗan wuta ke bi ya tayar da altaneta. In sabon allon yana amfani da fitilar LED wadda ba ta jan wuta sosai, ko kuma ba a haɗa wannan wayar ba, altaneta na iya ƙin fara caji har sai an taka totur da ƙarfi, batir kuma ya riƙa raguwa ba tare da wata alama ba.

A motocin CAN ba a wannan lissafin, amma akwai wani a madadinsa. Kowane saƙo yana da lambarsa, kuma lambar da wata mota ke aika zafin ruwa da ita ba lallai ta zama ita ce wani samfurin ke saurare ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. A nan abin dogaro shi ne tabbacin cewa motocin biyu a kan tsarin lantarki ɗaya aka gina su.

Kafin ka kwance komai a mota, ka gwada sabon allon a kan tebur. Ka ba shi wuta daga batir ta cikin ƙaramin fiyus na amfiya 3, a ƙafafun da takardarka ta nuna. In fitilu sun kama kuma lissafin kilomita ya bayyana, taswirarka daidai take. In fiyus ya ƙone, ka koma kan takarda.

Cire tsohon allo

Ka kunna makulli, ka ɗauki hoton allon yadda lissafin kilomita da dukkan fitilu za su fito sarai, ka kuma rubuta kwanan wata. In kana da na'urar bincike, ka karanta lambobin matsala da saitin tsohon allon ka ajiye, domin za ka buƙace su. In rediyon motar na neman lambar sirri bayan yanke wuta, ka tanade ta.

Ka kashe mota, ka zare makulli, ka cire kan batir mai alamar ragi, sannan ka jira. Na'urar jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Toyota kan ce a jira daƙiƙa 90, Honda minti 3, kuma minti 10 ba zai cutar da kowa ba. Duk soket ko waya mai launin rawaya da ka gani a wajen sitiyari ta jakar iska ce, kada ka taɓa ta da fitilar gwaji ko maltimita.

Ka sauke sitiyari ƙasa iya iyakarsa, ka jawo shi wajenka in yana jawuwa, ka shimfiɗa tsumma a kan wuyansa don kada gilashin allon ya karce. Ka ɓalle robar da ta kewaye allon da abin ɓamɓara na roba, kana bi a hankali daga gefe guda, domin tsohuwar roba tana karyewa da ƙaramin ganganci. Bayan ka kwance sukurun allon, ka karkato samansa wajenka, ka zura hannu baya, ka danna harshen kowane soket kafin ka ja. Wasu soket ɗin, kamar na Volkswagen, suna da ɗan hannu da ake juyawa, shi ke turo soket ɗin waje da kansa, kuma jan sa da ƙarfi karya shi yake yi. In motar mai igiya ce, ka matse wuyan robar da ke riƙe igiyar a bayan mita. In ta yi gajarta hannunka bai kai ba, ka kwance ta daga giyabos don ta saki. Allon da aka cire a ajiye shi fuskarsa tana kallon sama, saboda tsofaffin mitoci suna da ɗan ruwa mai kauri a cikinsu da ke hana allura rawa, kuma yana iya tsiyayewa in aka daɗe da kife su.

Haɗa wayoyi

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a yi gajeriyar wayar tsakani: gefe ɗaya soket ɗin sabon allon da aka yanko, ɗaya gefen kuma bakin da zai karɓi soket ɗin motarka, wanda ake iya cirowa daga wani mataccen allo irin naka. Ta haka ba ka yanke ko waya ɗaya ta motar ba, kuma in aikin bai yi ba, cikin minti kaɗan za ka mayar da tsohon allon. In soket ɗin iri ɗaya ne, jerin ne kawai ya bambanta, ana iya zare ƙafafun a sauya musu rami: ka zura siririn ƙarfe ta bakin soket ka danne ɗan harshen da ke riƙe ƙafar, ka ja wayar ta baya, ka ɗaga harshen kaɗan kafin ka tura ta sabon raminta har ka ji ta kama. Ka riƙa yin waya ɗaya-ɗaya, kana soke ta a takarda.

Kowane haɗi a yi shi da dalma ko da matsewa ta ƙwarai, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure girgiza da zafin bayan dashbod. Wayoyin CAN kuma a bar su a murɗe da juna har zuwa bakin soket. Wayar da ba ta da gurbi a sabon allon a rufe bakinta ita kaɗai.

A motar CAN akwai awo guda da ya cancanci a yi bayan an jona sabon allon, kafin a mayar da batir. Ka sa maltimita tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 na soket ɗin bincike na OBD, wanda ke ƙarƙashin dashbod. Lafiyayyen layi yana nuna kusan om 60, domin akwai abin turjiya biyu masu om 120 a ƙarshensa biyu, kuma a wasu motoci ɗaya daga cikinsu a cikin allon yake. In ka ga 120, sabon allon ba shi da shi, sai an ƙara. In ka ga wajen 40, ya zo da na uku wanda motar ba ta buƙata.

Kunnawa da gwaji

Ka jona allon ba tare da ka ɗaure shi ba, ka mayar da batir, ka murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa amma kada ka tayar da inji. Ka kwatanta abin da ka gani da hoton da ka ɗauka. Fitilar jakar iska da ta ABS su kama su mutu bayan daƙiƙa kaɗan, ta caji da ta man inji su tsaya har sai inji ya tashi. Fitilar da ta ƙi kamawa sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa haɗari, tunda ba za ta gargaɗe ka ba ranar da ake buƙatarta. In ka ji ƙauri ko ka ga allura ta buga ƙarshe da ƙarfi, ka kashe nan take. Daga nan ka gwada sigina ta hagu da ta dama, da babbar fitila, da birkin hannu, da hasken dare.

In motar na buƙatar saiti, yanzu ne lokacinsa. Da na'ura irin VCDS ga Volkswagen, ko FORScan ga Ford, ake shigar wa allon bayanin irin inji, da giya, da girman tanki, a kuma haɗa shi da makullai. Bayan haka a goge lambobin matsala, a sake karantawa a ga waɗanda suka dawo.

Ka tayar da inji ka bar shi ya yi zafi har fanka ta kama, kana kallon allurar zafi, wadda ya kamata ta tsaya wajen tsakiya. Ka kwatanta juyawar inji da abin da na'urar bincike ke nunawa. A kan hanya, ka sa wani ya riƙe waya mai GPS ya riƙa karanto maka gudu a 40, da 60, da 100. Ƙa'idar da ƙasashen Turai da wasu da dama ke bi ita ce kada mita ta taɓa nuna ƙasa da gudun gaskiya, kada kuma ta zarce shi da fiye da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, wato a gudun 100 ta nuna tsakanin 100 da 114. Mitar mai kuwa ba a yarda da ita sai an ga yadda ta yi a tanki cike da kuma lokacin da fitilar ƙarancin mai ta kama, don haka a tanki na farko ka riƙa lissafi da kilomita. Sai duk wannan ya yi daidai za ka ɗaure sukuru ka mayar da roba.

Lissafin kilomita

Sabon allon zai zo da lissafin motar da aka ciro shi. A alluna masu lambobin lantarki, lissafin yana cikin wani ƙaramin guntu mai ƙafa takwas, irin 93C56 ko 93C66, kuma masu na'urar da ta dace suna iya rubuta masa adadin gaskiya na motarka. In daga mil ka koma kilomita, ka ninka tsohon adadin da 1.609. Wasu motocin suna ajiye lissafin a wuri fiye da ɗaya: BMW E46 tana riƙe shi a allo da kuma na'urar fitilu, kuma in lambar shasin da ke cikinsu ta saɓa, wani ɗan ɗigo yana bayyana kusa da lambobin. Allon Volkswagen na zamanin Golf 4, in sabo dal ne daga kamfani, yana karɓar saitin lissafi ne kawai kafin ya kai kilomita 100.

Rage lissafi don a yaudari mai saye laifi ne a ƙasashe da yawa. Dokar Amurka ta tanadi cewa in ba a iya daidaita sabon da tsohon ba, a mayar da shi sifili, a manna takarda a jikin madogaran ƙofar hagu mai nuna tsohon adadin da ranar da aka yi sauyin. Ko a inda doka ba ta ce haka ba, ka rubuta adadin tsohon allon, da na sabon a ranar ɗaurawa, da kwanan wata, ka haɗa da hoton ka sa cikin takardun mota. Tsohon allon kuma ka adana shi tare da takardar jerin wayoyin da ka rubuta, domin duk mai gyaran wutar da zai buɗe bayan dashbod ɗin nan gaba zai buƙaci sanin wace waya ce ta koma ina.